Jar Saniya da Muryar Gitarka

Nomau, kada ka kuskura ka sayar da jar saniyar nan. Na sa wannan a gaba, tun kafin gaisuwa, don na san halinka da takarda: layi uku na farko kake karantawa, sauran ka ninke ka sa aljihu. Kawunka Mati ya faɗa mini komai. Ka same shi a kara, wato kasuwar dabbobi, ka ce ya aika yaronsa Ɗan Gulbi a karɓo saniyar da marigayi mahaifinka ya bar maka daga hannun Bafulatanin da ke kiwonta, ya sayar ran kasuwa, ya aika maka kuɗin Maraɗi ka sayi babban amfili, akwatin ƙara wa gitar murya, irin na Kano. Har ka ce masa kada ya gaya mini. Ka manta ni na goyi Mati. Bai taɓa iya ɓoye mini ko ƙwayar gyaɗa ba.

Bayan haka, ina gaishe ka. Allah ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka lafiya, motar ba ta kafe a rairayi ba, kayanka ba su fashe ba. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki a Maraɗi, ya tsare maka sallarka da lafiyarka da hannuwanka.

Na cusa ta cikin jakar gitarka ne saboda ba zan iya zama gaba da gaba da kai in faɗi abin da ke cikinta ba. Kai ne na fari. Ko sunanka na yanka ban taɓa furtawa ba, balle in yabe ka. Haka aka rene ni, kuma duk karatun da na yi bai cire mini wannan ba. Amma na lura hannuna ba ya jin kunyar da bakina ke ji.

Na san abin da ke cin ka. Shef ɗin orkes, shugaban ƙungiyar makaɗan nan da ya gwada ka watan jiya, ya ce hannu akwai, murya ce babu. Ya ce gitar bas aikinta ta ɗauki sauran kayan kiɗa daga ƙasa, taka kuwa siririya ce, ba ta da nauyi, ba ta da naushi. Ya ba ka har Babbar Sallah, in ba ta gyaru ba ya ɗauki wani. Kai kuma ka dubi akwatin da ka haɗa da hannunka daga tsohon rediyon mahaifinka da lasifika ɗaya da batirin mota, ka yanke cewa laifinsa ne. Za ka ce me Inna ta sani a kan gitar. Shekara uku bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. Ko takardun yara nake gyarawa, kunnena yana wajenka. Na san abin da na ji, kuma yawancinsa ta hanyar ɓarnar da na yi maka na koye shi.

Ka tuna ranar tukunya. Na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, da azahar, na tarar da tukunyar miyata a kan murhu tana tafasa, ba kowa a tsakar gida. Na buɗe, sai ga wayoyi huɗu a nannaɗe suna juyawa cikin ruwa kamar macizai. A watan ne matan unguwa suka cika mini kunne da cewa babu makaɗin da ba ya dafa wani abu don farin jini. Ni da nake tsayawa gaban yara in ce musu ƙazantar ruwa ke kawo zawo, ba aljanu ba, ni ce na sa muciya na kwashe wayoyin nan na kai masai na zuba. Ka shigo da gudu, ka leƙa tukunya, ka ce, "Inna, ina tsirkiyoyin?"

Na ce, "Na zubar. Ba a dafa asiri a tukunyata."

Ka sauke tukunyar daga murhu. Sannan ka ce, "Datti nake cire musu, Inna. Gumin hannu ke kashe musu murya." Ka wanke mini tukunyar ma, ka kife ta.

Wata huɗu ka yi kafin wani fatken goro ya samo maka wasu daga Kano. A cikin wata huɗun nan kullum da la'asar ina ganinka ƙarƙashin bishiyar bedi, gitar a cinya ba tsirkiya ko ɗaya, yatsunka suna hawa suna sauka a kan itace zalla, ƙafarka tana buga ƙasa. Ba abin da ke fita, amma kai kana ji. Ban taɓa ganin ɗalibi mai irin wannan naci ba, kuma na koyar da yara da yawa. Ban ba ka haƙuri ba a lokacin. Yanzu na ba ka.

Abin da nake so ka ɗauka a nan biyu ne. Ka riƙa tambaya kafin ka yanke hukunci, ko a kan mutum ko a kan akwati. Sannan kada ka bar dabarar nan taka don ka shiga birni ka ga masu sayen sabo. Ka wanke hannu kafin ka taɓa gitar, musamman in ka ci tsire ko ƙosai. Ka goge tsirkiyoyin da busasshen ƙyalle duk lokacin da ka gama. In muryarsu ta dushe ka tafasa su, ka shanya a rana har su bushe ƙarau, kada tsatsa ta kama su. Na ji ka gaya wa Mati cewa in an wuce sau uku suna tsinkewa, to kada ka wuce. Akwai ƙaramar tukunya a ƙasan buhun geronka. Tasu ce. Kada ka je gidan mutane ka taɓa tukunyar matar wani, ba kowace mace ce za ta tsaya a kan zubarwa kawai ba.

Sai maganar akwatin, kuma a nan nake so ka buɗe kunne sosai. Da farko a kusurwar ɗakinka yake, a ƙasa, bayansa jingine da bango. In ka taɓa tsirkiyar nan mai kauri, ruwan randata har rawa yake. Kwanukan jerena suna kaɗawa. Wata rana kaina yana ciwo, na ce ka fitar da shi. Ka fitar, ka ɗora a kan teburin guga a tsakiyar gida, nan ka ci gaba da koyo har sati biyu. Na sami sauƙi, ban kuma tambayi kaina dalili ba. Sai ran nan Mati ya shigo cin tuwo, ya tsaya a bakin zaure ya kasa kunne, ya ce, "Yaya, me ya sami bijimin gidanki? Da in na taho tun daga masallaci nake jin rurinsa. Yanzu kukan ɗan akuya nake ji."

Na ce, "Kai dai ci tuwonka."

Ya ce, "Ko kin kai shi an dandaƙe?"

Na jefe shi da mafici. Amma bayan ya tafi na zauna na yi tunani. Gitar ita ce, hannu shi ne, akwati shi ne, batir shi ne. Wuri kawai aka sauya. Ashe bangon ƙasa da daɓen ɗaki su ke tara muryar su ƙara mata jiki, tebur da fili kuma su watsar da ita. Na gane wannan tun ranar, amma ban ce ka mayar ba, don ina jin daɗin shirun. Son kai ne, ba shi da wani suna.

Shekaranjiya na tambayi Mati, tunda shi ya raka ka gwajin, a ina aka ajiye akwatinka. Ya ce a kan tebur, a tsakiyar fili, don Shef yana son jama'a su ga kaya. To ka ji. Ba a gwada ka ba tukuna. Ka je ka sami Shef da ladabi, ka cire hula in ta kama, ka roƙe shi ya bari ka sauke akwatin ƙasa, ka jingina shi da bango, in da kusurwa ya fi. Kafin nan ka bi duk tsagar da ke jikin katakon ka toshe da tsumma da ƙaro, don na ga haske yana shiga ta gefen hagu, kuma inda haske ya shiga iska tana fita. Na sa maka audugar rimi a cikin tsohon matashina, ka shimfiɗa ta a cikin akwatin yadda katakon zai daina ɓarin baki. Batir kuma ka kai a cika shi kafin kowane wasa, ba sai ya mutu ba. Na lura in ya fara rauni, muryar ƙasa ce ke fara gudu. Kuma ka daina murɗa maɓallin ƙarfi har ƙarshe. In ka yi haka ba girma take ba, yagewa take, kamar tsohon zane. Shekarata ta farko a aji ihu na riƙa yi don a ji ni, kafin watan azumi muryata ta tafi, yaran kuma ba abin da suka riƙe. Da na koma magana ƙasa ƙasa, daga ƙirji, har na bayan aji suka daina motsi.

Akwai saƙon da aka ba ni in ba ka tun bara, na riƙe. Ka san Gaisha, Buzuwar nan da ke kawo mana cuku ran kasuwa. Wata rana tana zaune a tabarmata tana shan fura, kai kana ɗaki kana kiɗa. Ta ajiye ludayi ta saurara. Can ta ce, "Madam, ɗanki yana da zance mai daɗi, amma ba ya numfashi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Gaisha, wannan kayan Turawa ne, ba turmi ba."

Ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ta ce, "Turawan ba su da kunne irin namu? Miƙo mini turmin."

Ka san su da tinde, turmin da suke rufe wa baki da fatar akuya su yayyafa ruwa su kaɗa. Ba fata a gidan, sai ta kife ƙwarya a bakin turmin. Ta buga tsakiya da tsokar tafin hannu, sauti ya fito mai zurfi. Ta buga gefe da kan yatsu, ya fito a tsaye, mai kaifi. Sannan ta buga ta bar hannun a kai, sautin ya mutu nan take. Ta ce, "Kin ji? Wannan kashewar ita ce kiɗan. Wanda ya bar kowane bugu yana ta yawo har ya haɗu da na bayansa, kunu yake damawa. Ki gaya masa."

Ban gaya maka ba. Na ga kamar ƙasƙanci ne a ce mai tallan cuku, wadda ba ta taɓa riƙe alli ba, ta gyara wa ɗan madam. Girman kan 'yan lakwal ke nan, kuma ina roƙon Allah kada ka gaje shi. Daga baya na riƙa saurarenka da kunnenta, na ga gaskiyarta. In ka ja tsirkiya kusa da wuyan gitar, da tsokar yatsa, muryar tana zurfi. In ka koma can ƙasa kusa da inda aka ɗaure su, tana tauri, tana naushi. Wurin da kake nema yana tsakani, ka neme shi da kunnenka. Ka yanke farce. Ka koyi kashe sauti da hannu bayan ka fitar da shi, ka bar ɗan fili kafin na gaba. Ka tsaya ka kalli mata biyu suna lugude: taɓarya ba ta kwana a turmi, tana sauka tana tashi, shi ya sa ake jin dakan daga wata unguwa. Kuma ka zauna kusa da mai ganga, ka sa ido a kan ƙafarsa da yake taka mabugin babbar ganga da ita. In bugunka da na babbar gangarsa suka sauka tare, mutane za su rantse amfilinka ya ninka. Akwai ɗan yankin soso a aljihun jakar. Na ga ka taɓa cusa tsumma ƙarƙashin tsirkiyoyin daga ƙasa, muryar ta gajarta ta yi kauri, na ji daɗinta a ranar. Soson zai fi tsumma zama.

Yanzu saniya. Lokacin da na gama makarantar horon malamai na dawo, mahaifiyata ta ba ni tunkiya, ita ke nan abin da ta mallaka. Ni kuwa na ga matar kumandan mai mulkin gari da garmaho na jin faifan waƙa, na ƙudura sai na yi nawa, don a san 'yar boko ta dawo gari. Na sayar da tunkiyar ga maƙwabcinmu, na sayi garmaho na hannu da faifai uku. Wata biyar ya yi. Wani abu ya tsinke a cikinsa, aka rasa mai gyara daga nan har Maraɗi. Yana nan ƙarƙashin gadona, kaji sun taɓa yin ƙwai a ciki. Tunkiyar kuwa tagwaye ta riƙa haifa. Garken da kake gani yana fita daga gidan nan na kusa da rijiya kowace safiya, jikokinta ne. Shekara ashirin da wani abu ina ba su hanya in za ni lakwal. Mahaifiyata ba ta taɓa ce mini komai ba har ta rasu, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mahaifinka ya yi shekaru yana bin rugage yana yi wa shanun mutane allura kafin ya mallaki tasa guda ɗaya. Ita ce wannan. Amfilin da kake so ban ce ba shi da kyau ba. Amma abu ne da zafi ke kashewa, ƙura ke kashewa, ɗan kuskuren waya ke ƙonewa cikin ƙiftawar ido. In ya ƙone kana Maraɗi, ba amfili, ba saniya, kuma hannunka bai koyi abin da ya kamata ya koya ba, don ka saya masa abin ɓuya.

Saura laifi ɗaya, shi ne ya fi mini nauyi. Ranar bikin 'yancin kai da ya wuce, da kai da abokanka kuka yi wasa da la'asar a gaban bariki, na ce maka ba zan je ba, ina da aiki. Na je. Na tsaya bayan katangar lakwal inda ba za ka gan ni ba. Ranar, saboda rana, ka tura akwatinka cikin lungun baranda, a ƙasa. Da ka fara, ban ji shi a kunne ba, a ƙirji na ji shi. Masu gitar biyu suna ta ƙyalƙyali a sama, kai kana ƙasa kana riƙe da su, ba gaggawa, ba nuna kai, kamar mai ɗauke da tulu a ka. Na ga Fulani da suka zo kasuwa sun dogara sanda sun tsaya. Na ga tsofaffin da suka ce kiɗan bariki iskanci ne suna gyaɗa kai ba su sani ba. Wata tsohuwa daga Rumbu da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Yarinya, wancan dogon mai goge irin na Nasara, wanda nasa ke magana daga ciki, ɗan wane gida ne?"

Na ce, "Ɗan unguwarmu ne."

Ba kunyar ɗan fari kaɗai ba ce, kada in yi maka ƙarya. Har da tsoron a ce ɗan madam, jikan malamai, ya zama makaɗi. Ta ce, "To Allah ya yi wa uwarsa albarka." Na ce amin kamar ana maganar wata. Na dawo gida ban iya cin abinci ba. Da zan sake ganin tsohuwar nan, da na ce mata nawa ne, ni na haife shi, kuma akwatin da kike ji shi ya haɗa shi da hannunsa. Muryar da Shef ke nema na riga na ji ta a nan Dakoro, daga wannan akwatin, saniya tana can tana kiwo.

Wannan yabon ba lasisi ba ne. Kiɗa sana'a ce in ka riƙe ta da mutunci. In na ji ka ɗaga kwalba a wurin rawar bal, ko ka bi wani mai kuɗi kana kiran sunan kakanninsa don ya manna maka takarda a goshi, ko ka bar la'asar ta wuce don ana gwaji, da ƙafata zan zo Maraɗi, kuma ka san ni. Ka gaida manya. Ka ci abinci kafin wasa. Kada ka ara wa kowa gitarka, kada kuma ka ari ta kowa. 'Ya'yan mutane da za su riƙa yi maka murmushi daga gaban fili, ka tuna kana da ƙanne mata a gida.

In ka yi duk abin da na lissafa, Babbar Sallah ta zo Shef ya ce har yanzu bai ji ba, kada ka roƙe shi. Ka ɗauko kayanka ka dawo, ko ka nemi wani orkes ɗin. Ba shi kaɗai ke da kunne a ƙasar nan ba.

Allah ya tsare ka a hanya da masauki. Allah ya raba ka da mugun aboki da mugun ciwo, ya sa albarka a yatsunka, ya jiƙan mahaifinka, ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Ƙannenka suna gaishe ka. Ni ce innarka.

Ga dokar da na kafa, na kuma riga na gaya wa Mati, na aika wa Bafulatanin. Daga yau a gidan nan ba a kai macen dabba kasuwa don a sayi abin da ake kunnawa, ko amfili ne, ko rediyo, ko keken ɗinki. Saniyar tana da ciki, da damina za ta haihu in Allah ya yarda. In namiji ne naka ne, ka bari ya yi shekara biyu, in har lokacin kana son amfilin ka sayar ka saya, ba zan ce uffan ba. In mace ce tana nan tare da uwarta. Dokar ta hau kanka, ta hau kan ƙannenka, ta hau kaina.